Jan Injin da Na Saya a Haɗeja

Bayan tashar mota, a bakin shago,
Kallamu ya jera mini su uku:
ja, da rawaya, da wani ɗan shuɗi
mai mariƙi a ka kamar butar shayi.
"Wannan ƙaramin," ya ce, "numfashi kawai yake yi,
sai dai kuɗinsa buhu shida ne."
Na tambayi jan. Uku da rabi.
Ya finciki igiya, kwanon rufi ya amsa,
akuyar maƙwabta ta tsinke da gudu.
Na ce, to, ga inji.
Ban tambayi lita nawa yake sha ba,
balle in tuna akwai masu kunne a inda za ni.

Zangonmu na gefen fadamar Auyo,
mu goma sha ɗaya, muna jiran shinkafa ta nuna.
Wasu a bukkar kara, wasu a ƙarƙashin tamfol,
ni a bayan a-kori-kurata,
da katifa, da fanka, da ƙwan lantarki biyu.

Daren farko kamar gidan biki.
Wayoyi tara a kan murfin mota,
kowa na cewa Allah ya sa albarka.
Suka watse, na bar shi yana ruri,
fanka na kore mini sauro har asuba.

Da safe ba wanda ya ce uffan.
Na ce wa Talle, "Ina kwana?"
Ya ce, "Kai dai ka kwana."
Ladiyo mai koko, goyonta na ta gyangyaɗi,
ta zuba mini, ludayi ɗaya ya ragu,
ba ta ko dube ni ba.

A dare na uku Baba Mati ya laluba ya zo,
ya zauna a kan tayar baya.
Sai da na kai kunne bakinsa na ji shi.
"Idona ya tafi tuntuni, ɗan nan.
Da kunne nake gadi.
Na san takun saniya in ta sauka cikin shuka,
na san kukan ruwa in ya sami ɓaraka.
Jiya ya fasa mini kunya biyu,
sai da na taka da safe na sani."

Na miƙa hannu na kashe.

Ashe akwai kwaɗi a fadamar nan.
Ashe Talle na tari cikin dare.
Can ƙetaren ruwa wani kare,
nan kusa, jaririn Ladiyo ya ja dogon numfashi
ya yi shiru.

Ran kasuwa na koma wurin Kallamu.
Ya ce abin da ya fita shago ya zama tsoho,
buhu biyu zai biya, in na ga dama.
Ban ga dama ba.
Na sayi waya yadi arba'in, na dawo.

Bayan giginyar da ta karkace muka haƙa rami,
ni da Talle, har gwiwa.
Muka kewaye shi da buhunan yashi,
muka bar sama a buɗe don ya sha iska,
bakin hayaƙi na kallon daji.
Yanzu daga nan sai ka ce wani ne ke niƙa
a ƙauyen da ba namu ba.

Daga magariba yake aiki.
Wayoyi su sha, Ladiyo ta tace gasararta a haske.
In an idar da isha'i, an ɗan taɓa hira,
Baba Mati zai buga ƙoƙonsa sau biyu a gindin garma,
in tashi in bi waya cikin duhu.

Zafi nake kwana da shi, ba zan ɓoye ba.
Sauro ya san sunana.
Wani lokacin nakan kwanta ina lissafin ɗan shuɗin nan,
buhu shida, in tsuntsu ya bar mana shinkafar.
Kokon Ladiyo dai ya koma cika kofi.